Keken Gari Irin na Holan: Daɗinsa, Nauyinsa, da Titin da Yake Nema

Abu na farko da hannunka zai gaya maka idan ka kama keken gari irin na Holan shi ne nauyi. Nawa ya doshi kilo 20 tun ba a ɗora masa komai ba, alhali keken da 'yan tsere ke hawa a manyan gasanni doka ta yarda ya sauko har kilo 6.8. Amma ka dubi inda nauyin ya tafi. Firam ɗin ƙarfe ne. Tayoyin manya ne masu kauri, inci 28. Sarƙa na cikin akwatinta a rufe ruf. Giya da birki duk suna ɓoye cikin cibiyar taya. Ga madigadi gaba da baya, ga kariyar ɗaukar kaya da aka rubuta mata kilo 25, ga makulli manne a jiki, ga fitila da ba ta cin batir, ga ƙafa biyu da yake tsayawa a kansu ko da lodi. Duk abin da ake saye daga baya a ɗaura wa wani keke da waya da roba, shi da abinsa ya zo.

Kamfanoni da dama ne ke ƙera shi a kan fasali kusan ɗaya, shi ya sa ba zan kama sunan wanda ya yi nawa ba. Na daɗe ina hawansa zuwa aiki da sayayya da ziyara, ya sha rana ya sha ruwan sama, har tayar baya ta cinye an sa wata. Ga mai zama a gari shimfiɗaɗɗe, wanda tafiyarsa ta kullum ba ta haura kilomita 8 ko 10 ba, kuma yana da wurin ajiya a ƙasa, ban san abin hawan da ya kama ƙafarsa ba. Sai dai an ƙera shi ne don wani irin titi, kuma yawancin biranen duniya ba su gina wannan titin ba tukuna.

Zaman kansa ne ya fara saye ni. Kan keken ne ya lanƙwaso ya zo wajenka, kai ba sai ka miƙa ka kamo shi ba, don haka a miƙe kake zaune kamar a kan kujera, nauyinka a kan sirdi mai faɗi, wuya da wuyan hannu suna hutawa. Amfanin wannan ya wuce jin daɗi. Wanda ya duƙa a kan keken tsere tayar gabansa yake kallo, sai ya ɗaga wuya kafin ya ga hanya. Ni kuwa idona na sama da rufin yawancin ƙananan motoci. Ina hango mai shirin fitowa daga lungu, ina ganin ƙeyar direban da ke zaune cikin motar da aka faka, wanda kowane lokaci zai iya banko ƙofa. Waiwaye ba ya wahala, sakin hannu ɗaya don nuna inda za ka juya kuma ba ya girgiza keken, domin akwai tazara tsakanin tayoyinsa, ba shi da rawar kai. Gudun da ya fi yi masa daɗi bai wuce kilomita 15 a awa ba, wato kilomita 5 cikin minti 20. A haka ba ka isa wurin aiki sharkaf da gumi, sai fa in zafi ya kai zafi.

Nawa marar sandar tsakiya ne. A wurare da yawa ana ce wa irinsa keken mata, amma a Holan maza da mata da tsofaffi duk suna hawansa, kuma da dalili. In ka ɗaure kaya a kariya ko ka sa kujerar yaro, babu hanyar wurga ƙafa ta baya, sai dai ka ratsa ta tsakiya. Tsoho mai ciwon ƙugu ma haka. Akwatin sarƙa ya raba ni da naɗe ƙafar wando da baƙin mai a ƙwauri, gefen tayar baya kuma akwai marufi da ke hana doguwar riga shiga cikin wayoyin taya. Da kayan da zan wuni da su a ofis nake hawa, har takalmin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in har sai mutum ya canza kaya kafin ya hau, ya sake canzawa in ya sauka, to ranar da ya makara ko ya gaji mota zai nema. Ita kuma sarƙar, tunda ba ta ganin ƙura ba ta ganin ruwa, sai ta yi watanni ba ta nemi mai ba.

Giyar cikin cibiya tsohuwar dabara ce, kamfanin Sturmey-Archer na Nottingham a Ingila ya fito da mai hawa uku tun farkon shekarun 1900. Tawa mai bakwai ce, kuma a danja ake ganin amfaninta. Kana tafe a giya ta biyar, fitila ta yi ja kwatsam, ka matse birki ka sauke ƙafa. Da giyar waje ce, irin wadda sarƙa ke tsalle daga wannan haƙori zuwa wancan, ka maƙale ke nan a giya mai nauyi, domin ba ta sauyawa sai feda na juyawa. In an ba da hannu sai ka miƙe tsaye kana dannawa, keken na layi, na bayanka na danna hon. Da wannan kuwa ina tsaye nake murɗa hannun dama, ƙas, ƙas, ƙas, na dawo ta biyu, kore na kawowa in tashi sumul. 'Yan daƙiƙun nan na tashi daga tsaye su ne lokacin da mai keke ya fi rauni a mahaɗa. Abu ɗaya ne sai hannu ya saba: in za ka sauya giya kana tafiya, ka ɗan sassauta feda, in ba haka ba ba ta shiga da kyau.

Fitilar daga dainamon da ke cikin cibiyar tayar gaba take samun wuta, wat 3 kacal, ba irin tsohon nan da ke gogar taya yana kuka ba. Ba na jin jansa a ƙafa. Haskensa a yanke yake daga sama yadda dokar Jamus ta tanada, ya zuba a kan kwalta ba a idon mai tahowa ba, kuma in ka tsaya a danja fitilar baya na ci gaba da ci na 'yan mintoci. Tun da na same shi na daina tunanin caji.

Makullin zobe ne manne a firam sama da tayar baya. Ka danna hannunsa ƙarfe ya ratsa tsakanin wayoyin taya, sannan ɗan mukullin ya fito. Muddin kana tafiya mukullin na jikinsa, don haka ba yadda za a yi ka isa wuri ka tarar ka baro shi gida. Don shiga kanti na minti biyu ya wadatar. Don wuni ko kwana bai wadatar ba ko kusa, tunda ɓarawo na iya sungumar keken ɗungurungum ya jefa a bayan mota. Dole ka ƙara sarƙa mai kauri ka ɗaure firam da wani abu kafaffe. To ina abin kafaffen yake? A gaban gine-gine da yawa za ka ga filin fakin na motoci hamsin, amma babu ko ƙarfe ɗaya da aka kafa don keke, sai ka koma neman turken fitila ko shingen wani, mai gadi kuma ya zo ya ce ka cire. Alhali gurbin mota ɗaya na ɗaukar kekuna takwas zuwa goma. Birnin Utrecht na Holan ya gina wa kekuna ma'ajiya mai ɗaukar 12,500 a tashar jirgin ƙasa, aka kammala ta a 2019. Amstadam, babban birnin ƙasar, ta buɗe wata a ƙarƙashin ruwa a gaban babbar tasharta a Janairun 2023, mai ɗaukar kusan 7,000. Faransa kuma tun Janairun 2021 ta wajabta a buga wa duk sabon keken da aka sayar lambar shaida don a iya gano mai shi in an sace. Ba a cika kawo maganar ajiya a muhawarar hanyoyin keke ba, amma wanda aka sace wa keke sau biyu da wuya ya sayi na uku.

Yanzu ga inda yake ciwo. In a bene kake zaune babu lifta, kada ka saye shi. Kilo 20 a kan matakala, da kan keke mai faɗi yana bugun bango, safe da yamma, zai sa ka tsane shi. Tudu ma ba abokinsa ba ne. Ƙaramin hawa giya ta ɗaya na cinye shi, amma doguwar hawa sai ta sauke ka ka tura, kuma yanayin zaman bai ba ka damar miƙewa ka danna da ƙarfi ba. Iska in ta fuskanto ka, ƙirjinka gaba ɗaya take samu. Birkin cikin cibiya ba ruwansa da ruwan sama, kuma yana daɗewa bai nemi gyara ba, amma kamunsa a hankali yake zuwa, bai kai na faifai kaifi ba, a doguwar gangara da lodi kuma yana ɗaukar zafi ya yi sanyin kamu.

Babban aibinsa dai shi ne facin tayar baya. A keken tsere ka buɗe ɗan hannu ɗaya taya ta faɗo. A nan sai ka kwance bayan akwatin sarƙa, ka zare wayar giya daga mazauninta, ka kwance hannun birki da ke ɗaure a firam, ka sassauta masu jan sarƙa na gefe biyu, sannan ka zo kan manyan notuna da sifana mai lamba 15. Akwai 'yan wasosai masu haƙori a kowane gefe da ke hana gatarin giyar juyawa, in ka juya su wajen mayarwa giya ta rikice. Aikin ba na bakin titi ba ne. Dabarar da masu irin keken ke yi ita ce kada a cire tayar sam: a kwantar da keken, a ɓalle gefe ɗaya na taya, a zaro tub ɗin a nan inda yake, a nemo hujin a liƙe. Tana aiki in huji ne. In tub ya yage ko bakin bawul ya tsinke, sai turawa zuwa wurin mai gyara, kuma ba kowane mai gyaran keke ne ya taɓa buɗe irin wannan cibiyar ba.

Duk waɗannan aibobi ne da mai saye zai iya aunawa ya yanke wa kansa hukunci. Wanda ba ya hannunsa shi ne titi. Ƙanwata ta taɓa aron keken, ta zaga unguwa ta dawo tana murmushi. Na ce to gobe ki tafi aiki da shi mana. Ta ce, "Yaya, keken ba shi da laifi. Amma ka ga yadda manyan motoci ke shan kwana a mahaɗar nan? Ni kam ba zan iya ba." Tafiyarta ba ta kai kilomita 4 ba, lafiyarta lau, ta iya keke tun tana yarinya. Mahaɗa ɗaya ce ta hana ta.

Na san abin da take nufi, domin kullum ina bi ta irin wurin. An ja farin fenti a gefen titi an zana hoton keke. A hannu ɗaya motocin da aka faka, ƙofofinsu na iya buɗewa cikin layin naka, a ɗaya hannun motoci masu gudu. Sannan ana saura 'yan mitoci a kai mahaɗa, daidai inda ka fi buƙatarsa, sai layin ya ɓace, a bar ka kai da babbar motar da ke shirin juyawa ta gefenka, direbanta na can sama ba ya ganin abin da ke gindin ƙofarsa. A haka ake murƙushe masu keke a manyan birane, shi ya sa Landan ta kafa wa manyan motocin kaya ƙa'idar yadda direba zai iya ganin gefensa kai tsaye kafin a bar su shiga gari. Birtaniya ta kuma sabunta dokokin hanya a Janairun 2022, ta ce mota ta bar wa mai keke aƙalla mita 1.5 in za ta wuce shi, direba kuma ya buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita don jikinsa ya juya ya ga baya. Dokoki ne masu kyau, amma duk sun dogara da a ce kowane direba ya tuna, kowace rana.

Akwai wani injiniya a Amurka, John Forester, wanda tun shekarun 1970 ya yi ta yaƙi da ware wa kekuna hanya. A ganinsa mai keke ya fi tsira in ya ɗauki kansa direba aka kuma ɗauke shi direba: ya shiga tsakiyar layi, ya yi gudu, ya bi dokar da mota ke bi. Ra'ayin ya daɗe yana tasiri a kan masu tsara hanyoyin Amurka. Ba duka maganarsa ce ta yarwa ba. Hanyoyin keke da yawa na zamaninsa an yi su ne don a kawar da kekuna daga gaban motoci, kuma gaskiya ne haɗari ya fi taruwa a mahaɗa. Amma ka gwada shawararsa a kan keke mai kilo 20 da kaya a baya, kana kilomita 15 a awa a gaban bas mai son yin 50. Shawara ce ta ƙaƙƙarfan saurayi a kan keken tsere. Ɗan shekara goma, da uwa mai ɗauke da yaro a kujerar baya, da dattijo ɗan saba'in, ba za su bi ta ba, gida za su ajiye keken. Hawan wannan keken ne ya fahimtar da ni cewa gardamar a kan wa ake son ya hau take.

Mutane kan ce ai Holan daban ce, ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, haka suka tashi. Shimfiɗar gaskiya ce, amma titunan gina su aka yi, kuma sai da aka yi rigima. Bayan yaƙin duniya na biyu su ma sun rungumi mota, sun rushe gidaje don faɗaɗa tituna, hawan keke ya yi ƙasa sosai. A 1971 sama da mutum 3,000 suka mutu a hanyoyin ƙasar, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka kafa ƙungiyar Stop de Kindermoord, suka riƙa tare tituna suna neman a daina kashe musu 'ya'ya. Sai ga matsalar man fetur ta 1973, har gwamnati ta hana tuƙa mota ranakun Lahadi na wani lokaci. A 1975 aka kafa ƙungiyar masu keke ta ƙasa, wadda yau ake kira Fietsersbond. Daga nan aka shafe shekaru ana gyara, titi bayan titi. Abin da suka cimma ba shi da wuyar faɗa: inda motoci ke gudu a raba su da keke da shinge na gaske, inda ba za a raba ba a rage gudun zuwa kilomita 30 a awa. A mahaɗa kuma su sa ɗan tsibirin kankare a kusurwa, wanda ke tilasta wa mota ta rage gudu ta sha kwana sosai, ta yadda lokacin da za ta tsallaka hanyar keke mai keken na gaban gilashin direba, ba a gefensa ba. Dokarsu ma ta ɗora wa mai mota aƙalla rabin diyya in ya yi karo da mai keke, in yaro ne ƙasa da shekara 14 kuwa kusan kullum duka.

Batun kilomita 30 ɗin lissafi ne. Ƙarfin bugun mota mai gudun 50 ya kusa ninka na mai gudun 30 sau uku, nisan da take buƙata kafin ta tsaya ma ya fi tsawo sosai. Shi ya sa Brussels, babban birnin Beljiyam, ta mai da 30 ƙa'idar yawancin titunanta a Janairun 2021, birnin Faris ya bi sahu a Agustan shekarar.

Ga mai cewa sai ƙasa mai sanyi, ga Seville a kudancin Sifen, inda zafin bazara kan haura digiri 40. Tsakanin 2006 da 2010 suka shimfiɗa kusan kilomita 120 na hanyoyin keke masu shinge, a haɗe da juna, yawanci daga wurin fakin aka yanko filin, masu hawa kuma suka ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru. Haɗewar ce sirrin. Kilomita ɗaya mai kyau da ya ƙare a bakin shataletale mai layi uku ba zai fito da ƙanwata ba.

Tsugune dai ba ta ƙare ba, don filin da aka ba keke daga hannun wani aka karɓe shi. A Nuwamban 2024 gwamnatin lardin Ontario a Kanada, ƙarƙashin Doug Ford, ta yi dokar da za ta ba ta damar cire hanyoyin keke a titunan Bloor da Yonge da University na Toronto, tana cewa su ke jawo cunkoso. A Yulin 2025 kotu ta taka mata birki, bisa hujjar cewa cirewar za ta jefa rayuka cikin haɗari. Masu shaguna kusan ko'ina suna tsoron rasa ciniki in an ɗauke fakin daga ƙofarsu, kodayake binciken da aka yi a birane da dama ya nuna sukan zaci masu zuwa musu da mota sun fi yadda suke a zahiri yawa. Amma akwai ƙorafin da nake ganin gaskiya ne tsantsa. Mai kawo kaya na buƙatar inda zai tsaya ya sauke. Naƙasasshen da ba ya iya tafiya mai nisa na buƙatar mota ta kai shi ƙofa. Makafi a Birtaniya sun daɗe suna kuka da tashoshin bas da sai an tsallaka hanyar keke kafin a kai gare su, domin keke ba ya ƙara, ba sa jin tahowarsa. Tsarin da ya toshe kunne ga waɗannan bai gama aikinsa ba, kuma masu keken da ke raina irin wannan kuka suna ɓata wa kansu.

Hular kwano fa? Ina sa ta in zan bi titi mai gudu, kuma tana kare kai in mutum ya faɗi. Sai dai a san iyakarta: gwajin da ake yi mata a Turai faɗuwa ce da ta yi daidai da gudun kusan kilomita 20 a awa, ba karo da babbar mota ba. Jihar Victoria ta Ostireliya ta wajabta ta a 1990, sauran ƙasar ta bi cikin shekara biyu, New Zealand ta bi a 1994. Kekunan haya na birnin Melbourne, babban birnin jihar Victoria, da aka fara a 2010 ba su taɓa samun kasuwa sosai ba, har sai da aka koma sayar da huluna masu araha kusa da tashoshinsu, aka kuma rufe shirin a 2019. Ba hular kaɗai ce ta kashe shi ba, amma ta taimaka, tunda ba wanda ke yawo da hular kwano a jaka don ko zai yi sha'awar hawa keke. A Holan kuwa kaɗan ne ke sa ta, kuma a kowane kilomita da aka yi suna cikin waɗanda suka fi kowa tsira. Su ma ba su huta ba: a 2022 kusan masu keke 290 suka mutu a can, mafi yawansu tsofaffi, kuma maganar hula ta dawo, musamman saboda kekuna masu batir. Abin da ba na yarda da shi shi ne hukuma ta wajabta hula ta kama cin tara, ta ce ta gama nata, mahaɗar kuma tana nan yadda take.

Masu cewa a sa wa keke lamba da haraji su duba Suwizalan, wadda ta daɗe tana tilasta manna wa kowane keke takardar inshora, ta kuma soke tsarin daga farkon 2012. Kwalta ma nauyi ne ke cin ta, kuma abin da keke ke yi mata bai taka kara ya karya ba in aka gwada da motar kaya. Inda nake goyon bayan a tsananta shi ne kan masu hawa hanyar masu tafiya a ƙasa da gudu, da masu cire wa keke mai batir takunkumi. Dokar Tarayyar Turai ta ce injin kada ya wuce wat 250, kuma ya daina taimako a kilomita 25 a awa. Wanda aka buɗe ya koma yin 45 babur ne, bai da hurumi a layin da yara ke bi.

In kana tunanin saye, kafin ka je kanti ka bi hanyar da za ka riƙa bi, a ƙafa, a lokacin da ta fi cunkoso, ka tsaya a mahaɗar da ta fi muni ka kalle ta na ɗan lokaci. Sau da yawa akwai titin baya mai shiru da ke ƙara minti biyar ya kauce mata, kuma wannan keken ya fi son irinsa. A kantin ka ɗaga shi da kanka ka ji, ka tuna matakalar gidanku. In garin shimfiɗaɗɗe ne giya uku ta isa, ta fi sauƙin gyara, in da 'yan tuddai ka nemi bakwai ko takwas, in tuddan da gaske ne ka duba mai batir ko wani keken daban. Ka tambayi mai gyaran da ke kusa da kai ko yana taɓa giyar cikin cibiya. Ka kuma nemi a sa maka taya mai kaurin ciki da ke jure ƙusa da kwalba a baya tun kafin ka fito da shi, ka sayi famfo mai agogo ka riƙa duba iska duk mako, domin taya mai laushi ta fi saurin hujewa, ta kuma ƙara wa kilo 20 ɗin nan nauyi a ƙafa.